Layin da Aka Bari Babu Suna

Shekara talatin da huɗu Wadad tela ta yi a ɗaki ɗaya da Tanios mai gyaran agogo, a unguwar Furn Shubbak ta Beirut, amma a idon hukuma baƙuwa ce da ta leƙo shan gahawa ta manta hanyar gida.

Ita Musulma, shi Kirista. Shehi ya ce ba da shi ba, fada ya ce sai ta yi baftisma. Hukuma kuwa, sarkin adalci, ta ce su je tsibirin Kubrus a ɗaura, in sun dawo za ta buga musu hatimi. Har akwati suka saya.

"Bari zafi ya wuce, Wadad," in ji Tanios duk shekara.

"Kai da ke gyara wa mutane lokaci, naka ya tsaya!"

Akwatin ya ƙare a ma'ajiyar barguna.

Da ciwon ƙoda ya kwantar da shi, ita ta yi wanki da ɗauke fo shekara uku. Ran da ya cika, sai ga wansa Butros da baƙar kwat, mutumin da ko lemo bai taɓa kawowa asibiti ba. Ya ja ta wurin mai buga takardar rasuwa, wadda ake mannawa a bango da sunayen dangi. Wadad ba ta nemi gida ko agogo ba. Layin farko take so, inda ake rubuta matar mamaci.

"Baiwar Allah, a ina zan sa ki?" mai bugawa ya tambaya.

"A ina kuwa?" Butros ya amsa. "Madam, kina da takarda? To, ki yi haƙuri."

Aka sa ƙanwarsu ta Brazil da ta manta kamanninsa. Aka sa matar Butros, wadda ta shekara goma ba ta yi wa mijinta magana, amma da hatiminta. Abin ya ƙona Wadad har ta kasa kuka.

Da hantsi ta ɗauki biro, ta bi bangon unguwa tana cike layin da hannunta, takarda bayan takarda. Ta ƙarshe tana ƙofar gidan burodi. Ta ɗaga biro, sai ta ga an riga ta cike layin. Da rubutun mai burodi, karkatacce, duk gari a jiki: "Matarsa, Wadad."

A nan kan dakali ta zauna, kukan ya zo.