Ranar da abokaina suka kai wa Inna goro

Akwai wata rana a Yamai da har in koma ga Ubangijina ba za ta fita daga raina ba. Yanzu furfura ta cika mini kai, sunayen mutane ma sai na yi ta lalube kafin in kamo su, amma wannan ranar tana nan daram kamar jiya aka yi ta.

Lokacin soja ke mulki, kuma shekarar ce da ruwan sama ya ƙi sauka. Gulbi ya janye har yara na buga ƙwallo a ƙarƙashin gada. Mutanen ƙauye suna ta kwararowa suna kafa bukkokin tabarma a bakin gari, kamiyon soja, manyan motocin kaya, na raba jar dawa ta taimako, wadda tuwonta sai ka kora da ruwa kafin ya wuce. Ni kuwa ina saurayi, ɗan Arewa daga wajen Dogonduci, mushe ne a wata lakwal, wato malamin makarantar boko, kuma ɗan Katolika a garin da ba mu da yawa. Abin da ke cina a rai shi ne ina so in zama fada, limamin coci. Ma'anarsa in ajiye aiki, in tafi seminar, makarantar koyon aikin fada, a wata ƙasa shekara da shekaru, kuma ba aure ba haihuwa har abada.

Mutum uku kaɗai suka san wannan magana. Na farko tela ne, haifaffen Yamai, iyayensa daga bakin teku suka zo, Hausarsa ta kasuwa ce mai ban dariya, shi ma yana jin irin kiran da nake ji. Na biyu ma'aikacin asibiti ne da ya taɓa zuwa seminar ya dawo, ya ce ya duba ya ga ba hanyarsa ba ce. Na uku Badamagare ne, mutumin Damagaram, Musulmi, muna koyarwa tare, bakinsa ba ya shiru. Kowace Lahadi bayan mun fito coci mukan haɗu a gindin wani dogon yaro, Badamagaren ya riga mu hura gawayi ya ɗora shayi. Zamanin ko'ina akwai kunne, in samari huɗu suka zauna sai an so a san me suke cewa. Da mun ga baƙuwar fuska ta matso sai mu koma gardamar kokowa, in ta wuce mu dawo kan maganar Allah. Kai, na yi kewar zaman nan!

Ana haka sai ga Inna, mahaifiyata, ta sauka a tasha da ƙanwata da ƙanena. Babanmu ya riga ya rasu, gonar ba ta ba da ko dami ɗaya ba, awakin sun ƙare. Na sama musu ɗaki a unguwar Banifandu, albashina ya zama shi ne rumbun gidan. A daidai lokacin kuma fadan da ke kula da mu ya kira ni, ya ce in dai da gaske nake to za a tafi bayan hutun lakwal, yana jiran amsata. Ya ƙara da cewa ba zai ɗauki kowa ba sai da yardar iyayensa.

To ga inda matsalar take. Ni ne ɗan fari. Tun da aka haife ni Inna ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta taɓa zama ta dube ni ido da ido mun yi hira ba. In za ta ba ni tuwo sai ta ce wa ƙanwata, "Kai ma wancan." Haka al'adarmu take, kunya ce, ba ƙi ba. Sau ɗaya na yi ƙarfin hali na durƙusa a bakin ɗakinta na fara, "Inna, akwai wata magana." Ban kai ƙarshe ba ta miƙe ta tafi gyara wutar murhu da ba abin da ya same ta. Na ce shi ke nan, ta ji labari a wani wuri kuma ba ta so. Abinci ya fita raina, na rame har wando na zame mini. In na yi addu'a sai in ga fuskarta, in na dube ta kuma sai in ji kiran nan yana ƙara ƙarfi. Gaskiya na sha wuya.

Wata Lahadi na zayyana musu komai, na ce na haƙura, zan je in gaya wa fada a cire ni. Badamagaren ya ajiye butar shayi ya dube ni sama da ƙasa.

"Haba mushe! Duk karatun nan naka? Yaushe ka taɓa jin ɗan fari ya tambayi uwarsa abu da bakinsa ta amsa? Ko aure za ka yi, ai abokai ake turawa."

Na ce, "To ai ni ba aure zan yi ba."

Ya ce, "Shi ya sa ma goron zai fi yawa, tunda sau ɗaya za mu kai."

Muka yi dariya har tela ya ƙware da shayi. Amma ma'aikacin asibitin bai yi dariya ba. Ya ce maganar gaskiya ce, kuma kada in sake in yanke wa kaina hukunci a kan amsar da ba a ba ni ba.

Ranar Asabar da hantsi sai ga su, kowa cikin babbar riga, tela ya goge su har suna ɗaukar ido, Badamagaren na gaba da ƙunshin goro a ganye. Maƙwabta suka yi ta leƙe, wata tsohuwa Bazabarma har ta rangaɗa guɗa, ta ɗauka ƙanwata aka zo nema. Ni aka ce in tsaya bayan zana kada in kuskura in yi ko tari. Na tsaya ina leƙe ta wata 'yar kafa.

Inna ta shimfiɗa musu tabarma. Aka gaisa, aka tambayi gajiya da baƙunta da mutanen gida, aka jajanta fari. Sannan ma'aikacin asibitin ya ɗauki magana. Bai ɓoye mata komai ba. Ya ce tafiyar mai tsawo ce, albashi zai tsaya, ba za ta ga suruka ko jika daga gare ni ba. Ya ce shi kansa ya je ya dawo, kuma ba wanda ya tsine masa, don haka ƙofar ba a kulle take ba.

Inna ta motsa har na ɗauka tashi za ta yi. Ta ɗauki goro ɗaya ta ɓare, ta riƙe a hannu ba ta ci ba.

"'Ya'yana," ta ce, "kuna tsammani ban sani ba? Ni na haife shi. Tun yana ƙarami in an tashi coci shi ba ya tashi. Yunwa kuwa ba baƙuwata ba ce, na ga wadda ta fi wannan, da tafasa da garin rogo muka fita. Ba ita ke hana ni barci ba." Ta juya goron a hannu. "Ni baƙuwa ce a garin nan, ko Zabarmanci ba na ji. Ƙanensa bai kai ko'ina ba. Ranar da na faɗi, wa zai ɗauke ni? Wa zai gina mini rami?"

Ashe abin da ke ranta ke nan, kuma ba abin da za ta iya faɗa mini ba ne. Hawaye suka zubo mini a bayan zanar nan.

Tela ne ya fara magana, da Hausarsa ta kasuwa. "Inna, mu uku ɗin nan, mun mutu ne?"

Badamagaren ya karɓa. "Inna, ni ba addininmu ɗaya da ku ba, amma hannuna ya san gina. In Allah ya sa ina raye, ba za ki rasa mai ɗaukarki ba."

Ta dube su ɗaya bayan ɗaya, ta ce, "Maganar gindin shayi ce, ko ta maza?" Suka ce ta maza ce. Sai ta kai goron baki, ta ɗaga murya yadda na bayan zana zai ji, don ta san sarai ina nan.

"To ku gaya ma abokinku, in kiran na Allah ne, ni ba ni tare hanya. Allah ya yi mishi albarka. Kuma ku ce mishi ya riƙa cin abinci, ya zama kamar kara."

Na tafi. Su kuwa ba su saki Inna ba. Badamagaren ya nema mata ɗan fili a bakin gulbi ta riƙa noman rani, salati da tumatir. Tela ya koya wa ƙanwata ɗinki, shi kuma daga baya ya gane nasa kiran na aure ne, 'ya'yansa a bayan Inna suka girma. Ma'aikacin asibitin ne likitanta har ƙarshe.

Shekaru da yawa bayan nan, ina aiki a wani coci can nesa inda mota ba ta zuwa kullum, saƙo ya same ni cewa Inna ta rasu. Kafin in iso an yi mata wanka, an shirya komai, ni kaɗai ake jira. A ƙofar coci na tarar da Badamagaren a tsaye, shi ma ya yi furfura, wandonsa duk jar ƙasa har gwiwa. Daga maƙabarta yake. Ya riƙe hannuna ya ce, "Fada, mun gama namu. Shiga ka yi naka."

Abin da na koya ke nan, kuma shi nake gaya wa duk saurayin da ya zo mini yana cewa yana jin kira. Kunnenka kaɗai ke jin kiran, gaskiya ne, amma kada ka ɗauke shi kai kaɗai ka shige ɗaki. Nemi waɗanda za ka gaya wa. Ni dai da ban buɗe bakina a gindin itacen nan ba, da na ajiye kirana saboda amsar da Inna ba ta taɓa bayarwa ba.