Bijimin Gidan Katta da Ƙaurin Matata

Shekarar da matata ta yi haihuwar fari, tun Nasara ba su shigo ƙasar nan ba, ina zaune a Illela. Da damina in yi noma, da rani in saƙa tabarma. Ta haihu a gidan iyayenta a Amarawa, kamar yadda aka saba. Da aka kawo mini albishir na dinga zagaya tsakar gida ina dariya ni kaɗai, har gwaggona, ƙanwar mahaifina wadda ta raine ni, ta leƙo daga ɗakinta.

"Angon ƙarni, ka gama rawar? Ƙauri hwa? Mi za ka kai ma surukai?"

Nan dariyar ta tsaya. Al'ada ce kafin suna miji ya aika da ƙafafun sa da nama mai kyau, a dafa wa mai jego da yaji da kanwa ta mayar da ƙarfinta. Ni kuwa kuɗin wurin da ke cikin tukunyata kaɗan ne, kuma ba na son dangin matata su buɗe ƙwarya su dubi juna.

Washegari ranar kasuwa ce, Gwaggo ta yafa zane ta ce in biyo ta. A rumfar farko naman ya yi kyau, ja wur, kitsensa fari, amma da mahaucin ya faɗi kuɗin sai na ja da baya. A rumfar can gefe an tsiba nama da yawa, ga araha. Har na fara kwance bakin jaka, Gwaggo ta buge mini hannu. Ta danna tsoka da yatsa, gurbin ya zauna bai taso ba. Ta sunkuya ta shinshina.

"Wanga tun jiya ya kwana," in ji ta.

Mai rumfar ya fara rantsuwa. Ta ce, "Bar rantsuwa, ɗan nan, ai ba faɗa muka zo ba," ta ja ni muka wuce. Na ce mu jira la'asar, lokacin da mahauta ke karya kuɗi. Ta ce naman la'asar na tukunyar gida ne, ba a kai wa surukai abin da ƙuda ya yini a kai.

Muna cikin haka muka haɗu da wata Bafillatana da ke kawo wa Gwaggo nono don furar da take sayarwa. Bayan doguwar gaisuwa ta ce mijinta na cikin baƙin ciki: bijiminsa mafi ƙiba ya zurma rami a bakin rijiya, wajen Gidan Katta, ƙafar baya ta karye, ɗori ya ƙi. Gwaggo ta jajanta mata sosai, amma ta ƙasan zane tana mintsinin hannuna.

"Tai ka tara maƙwabta," ta raɗa mini. "Watanda za ku yi."

Watanda ita ce mutane su haɗa abin hannunsu su sayi dabba guda su raba. Kafin azahar na samu waɗanda suka yarda, cikinsu har da maƙerin unguwarmu, ƙaton mutum mai son ci, da wani tsoho mai dukanci wanda haƙoransa suka zube. Muka ɗauki mahaucin rumfar farko ya yi mana fiɗa, muka kama hanya. Tun daga bakin gari maƙerin yake faɗin yadda zai gasa tozo.

Mun tarar da bijimin kwance a inuwar gawo yana tuƙa, idonsa garau, hancinsa da laima, fatarsa na sheƙi. Mahaucin ya shafa bayansa ya ce in ban da ƙafar nan lafiyarsa ƙalau. Mai shi bai damu da kuɗi ba, gero yake so da tabarmi sababbi. Ni da tabarmi ke jibge a ɗaki ba mai saye, sai na ji kamar in rungume shi. Aka daidaita. Da za a yanka mai shi ya dafa goshin bijimin ya yi masa magana da Fillanci a hankali, sannan ya juya ya bi garkensa, bai waiwayo ba.

Na roƙi a bar mini ƙafafu huɗun a rage mini tsoka, kowa ya yarda don albarkar jaririya. Aka tsiba saura a kan ganye. Don kada a yi gardama, kowa ya tsinko ɗan kara ya yi masa alama, muka tsayar da wani Buzu da ke wucewa da raƙumin gishiri, muka ce ya ɗora kowane kara a kan tsibin da ya ga dama. Tsibin da ke da tozo ya faɗa wa tsoho mai dukanci. Maƙerin ya riƙe kai.

"Baba, mu yi musaya mana, in ƙara maka hanta."

"Ina!" in ji tsohon yana dariya da dasashi. "Allah na ya san ba ni da haƙori, ya aiko min mai taushi."

Muka yi ta dariya har Buzun ma ya taya mu, mahaucin ya yanka masa ɗan rabo ya ɗaure a sirdi.

Gwaggo ce ta kai ƙaurin Amarawa, da citta da masoro da ta ƙara daga aljihunta, don ni kunya ba ta bari in taka gidan. Da ta dawo ta ce surukata ta jujjuya ƙafafun ɗaya bayan ɗaya, ta ga karyayyar, ta tambaya ko ni na yi kokawa da san. Amma surukar ta ce ba ta ga kitse irin wannan ba tun bara, aka kira maƙwabta suka zo kallo.

Washegari aka aiko mini da akushi a rufe, romo ne da ɓargo da guntun ganda, yaji har yana sa hawaye. Mai kawowa ta ce mai jego ta ci har ta yi gumi, kuma ita ta ce a ɗebo mini tun kafin mata su gama da tukunyar. Na zauna a zaure na kira maƙerin, muka cinye tare.