Salansar da ta sa na zama mai korar tsuntsu

Jama'a, yau na je gaida surukina, na dawo da aikin yi.

Kun san babur ɗina mai ƙafa biyu, wanda ake haɗa wa fetur da baƙin mai. Salansarsa ta fashe, na kai shi wurin Ɗanjuma bakanike a Birnin Kebbi. Ya fito da guda biyu, ya ce, "Wagga shiru take. Wagga ko tana ƙara gudu, amma ƙara gare ta." Na ce ya ɗaura mai ƙarar, so nake Argungu, garin surukina, ta san na iso.

Na tarar da baban Hauwa, wadda zan aura, a gonarsa ta shinkafa. Ina murɗa totur, tsuntsayen jan-baki suka tashi gaba ɗaya, sama ta yi baƙi! Tsoho ya toshe kunnuwa. Na ce a raina aure ya watse.

Na durƙusa ina ba da haƙuri. Ya daɗe yana kallon salansar, sannan ya ce, "Ɗana, mun gaji da kaɗa gwangwani. Kullum da safe ka zo ka zagaya muna gonag ga."

Na ce, "To Baba, maganar sa rana fa?"

Ya ce, "Sai an yanke shinkafa."