Na Je Bauchi Karɓar Yabo

Mun tashi da asuba daga Jos, ni da abokin aikina, sanyi na cizon kunne. Sabuwar shadda na saka, don a zatona yabo zan je karɓowa. Direba ya cusa mu huɗu a baya, ya kuma ƙara kuɗin mota, wai mai ya hau. Kafin Toro kowa ya tuɓe rigar sanyi. A Nabordo mata suka yanyame motar da rake da dafaffen ƙwai, abokina ya sayi uku ya cinye bai ko yi mini tayi ba.

Bari in faɗi abin da ya kai ni. Sana'ata talla ce a intanet. Mama Talatu kuwa ƙawar mahaifiyata ce tun suna 'yan mata, 'yar kudancin Bauchi, tana da shagon ɗinka yunifom a Yelwa da teloli biyar. Ta roƙe ni in samo mata sababbin makarantu, na ce ta sha kuruminta.

Dabarar ba wuya. Duk makarantar da ke da shafin intanet tana da adireshi nata na kanta, shi ne kuma wutsiyar da ke ƙarshen imel ɗin ma'aikatanta. Sai ka tattara waɗannan adireshi ka miƙa wa dandalin talla, shi kuma ya riƙa nuna tallan ga ma'aikatan wuraren kaɗai, kamar ka ba mai rabon katin biki jerin gidaje. Ina zaune a Jos na tsinto adireshin makarantun kuɗi na Bauchi, duk wanda na gani na kwasa. Na rubuta cewa: "Yunifom ɗin ɗalibanku na koɗewa tun wanki na biyu? Lokacin canza tela ya yi." Na liƙa sunan shagonta a ƙasa, na saki. Ban nuna mata ba, don ina so ta ga abin mamaki.

Ta Miri muka shiga gari, gonakin dawa dama da hagu, 'yan acaɓa na ta jigilar ma'aikata. Muka tsaya a Wunti muka ci masa da miya. Masar Bauchi dai ba ta buƙatar mai talla, layin da ke gaban tandar ya isa shaida. Na lashe yatsu, na goge hannu da kyau saboda shadda, muka tari keke zuwa Yelwa, inda ɗalibai suka cika titi kowa da jaka a baya.

Mama Talatu ta tarbe mu da ruwan sanyi, ta tambayi lafiyar kowa a gida ɗaya bayan ɗaya. Ina ta jira ta ɗauko zancen talla, shiru. Can ta gyara ɗaurin ɗankwalinta ta ce, "Ɗana, taso ka raka ni cikin gari."

Muka bar abokina a shago. Keke ya yi ta kurɗawa da mu lunguna har ƙofar wata makaranta mai bene ɗaya. Da na karanta allon, sai na gane sunan. Yana cikin jerina.

Mai makarantar dattijo ne, malami, irin mutanen cikin gari masu magana a hankali. Ya sa aka shimfiɗa mana tabarma, aka gaisa har aka gaji. Sannan ya zaro waya daga aljihu ya miƙo mata. Daga inda nake ina hango tallana. Ashe wata malama ce ta gani, ta ɗauki hotonsa, ya yi ta yawo har ya faɗa guruf ɗin iyayen yara.

"Madam Talatu," in ji shi, "wannan telan da kika ce mu canza, wane ne shi? Tun muna da aji biyu kacal ke kike ɗinka mana, yau shekara goma sha biyu. Iyaye sun ce tunda mai ɗinkin da bakinta ta ce kayan na koɗewa, su wa za su musa?"

Wallahi ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Na buɗe baki ke nan, ta riga ni.

"Allah gafarta Malam, kuskurena ne. Ni na sa aka rubuta."

Malam ya dubi shaddata ya ce, "Wannan fa?"

"Ɗan ƙawata ne, rakiya ya yi mini."

Ni kuma, ƙato da gemu, na sunkuyar da kai na sake cewa, "Ina kwana, Malam." Abin da na iya ke nan.

Ya ce shi bai riƙe ta a zuci ba, ya san aikinta. Amma iyaye sun zauna sun yanke cewa wannan zangon za a gwada wani telan, shi kuma ba zai tsallake maganarsu ba. Ya rako mu har ƙofa yana sa albarka, wannan ya fi mini ciwo a kan da zagina ya yi.

A keke na ce, "Mama, a tsaya in koma in gaya masa gaskiya."

Ta ce, "In ka faɗa, sai ya ce ban san abin da ake yi da sunana ba. Wanne ya fi?" Sannan ta ƙara da cewa, "Da ma ka tambaye ni su waye nawa."

Abin takaicin, wannan shi ne matakin farko a aikinmu: kafin ka saki talla, ka cire adireshin waɗanda ke hulɗa da kai tun da. Ni da kaina nake koya wa wasu haka. Waya ɗaya ta isa ta gaya mini, amma na ga ai tsohuwa ce mai keken ɗinki, me ta sani game da intanet?

A tasha na sauke tallan. Hanyar dawowa ban ga komai ba, abokina na ta zuba ina cewa uhm. Mun shiga Jos ana kiran magariba. Tafiyar ta koya mini cewa a bayan kowane adireshi akwai mutane da tsohuwar amana, kuma ba a allon kwamfuta ake ganinsu ba.

Wannan zangon teloli biyu daga cikin biyar na Mama Talatu suna gida, babu aiki. A ranar da muka dawo kuwa, ina shiga gida na tarar da mahaifiyata tana murmushi. Ta ce, "Talatu ta kira ni. Ta ce ka yi ƙoƙari ƙwarai, Allah ya yi maka albarka."

Na kasa cewa amin.