Binnen Talle

A Barmu, in ka hango mutum tsaye kan tudun gabas da gari, hannu a goshi, ba sai ka tambaya ba, Talle ne. Tun yana saurayi yake fama da ciwon kallon sama. Tsararrakinsa sun tafi Abijan da Libiya sun dawo da babura, shi kuwa bai taɓa yin nisa da tudun nan ba. Gari ya laƙaba masa Meteyo, wato mai hasashen yanayi, don ba'a, yana kuma amsawa har da fara'a.

Da waya ta yawaita sai ya gano ashe ba shi kaɗai ne mai ciwon ba. Akwai wani malamin lakwal, wato makarantar boko, a Tawa, akwai Sidi, makiyayi can wajen Abalak, da wasu tsiraru. Kullum suna aika wa juna saƙon murya. Hadari daga gabas yake tasowa, don haka abin da Sidi ya gani da hantsi shi Talle ke jira da la'asar. In an yi ruwa, kowa ya tona ƙasa da hannu ya faɗi inda laima ta tsaya, ko yatsa, ko wuyan hannu, ko gwiwar hannu.

Bara hatsi bai yi ba. Abin da ya rage a gidan Talle ɗan iri ne cikin tulu, matarsa Kadidiya ta liƙe bakinsa da laka, ta hana kanta ta hana yara. Bana kuma ruwa ya yi jinkiri. Rannan sai ga muryar Sidi: "Talle, hadari ya taso baƙi ƙirin, ku ya nuho!" Malamin Tawa ya ce hoton gajimaren da ya gani a waya ma haka ya nuna.

Talle ya ce binne zai yi, a zuba iri cikin busasshiyar ƙasa, ruwa ya tarar da shi. Kadidiya ta tare bakin ɗaki. "Maigida, bari shi sauka mu gani da ido. In wanga ya ɓaci, mi za mu shibka?"

"Wanga ruwa namu na," in ji shi, ya fasa lakar, ya je ya binne irin duka a gona.

Hadarin ya zo kamar yadda aka faɗa. Daf da gari sai ya rabe biyu, ya wuce, ya bar musu yayyafi. Talle ya tona, laima ko gaɓar yatsa ba ta wuce ba. Ya san da wannan gara a ce ko ɗigo bai sauka ba. Irin ya ji sanyi ya tsiro, rana ta bi shi ta ƙone. Kadidiya ta ɗauki tulun, wayam, ta kife shi a bayan ɗaki.

Bai daina hawa tudun ba, bai iya dainawa. Can daga baya ruwan gaske ya sauka, kwari ya cika, kwaɗi suka yi ta kuka. Talle ya durƙusa tsakiyar gonarsa ya tona, hannunsa ya nutse. Ya ciro waya ya ce: "An yi ruwa Barmu, laima har gwiwar hannu."

Nan take Sidi ya amso da murna: "Alhamdu lillahi! To, kun shibka?"

Talle ya dubi gonar, jiƙaƙƙiya daga wannan iyaka zuwa waccan, ba ƙwaya ɗaya a cikinta. Ya mayar da wayar aljihu.