Kazar Goggo da Kaskon Garwashi

Goggo ta iso gidanmu a Isa cikin tsakiyar ɗari, da kwando a ka, an ɗaure bakinsa da tsohon zane. Yayar babana ce, kuma a ɗakinta aka yaye ni. Mutanen ƙauyensu, can bayan Tozai, sun watse a yini ɗaya saboda abin da kowa ya sani, kowa ya ɗauki abin da hannunsa ya kai. Wata tabarma, wata tukunya. Ita hannunta a kan kaza ya faɗa. Da ta sauke kwandon ta kwance zanen, sai ga wata kaza wake-wake ta kumbura, da 'yan tsaki tara a ƙarƙashinta, ba su fi kwana uku da ƙyanƙyasa ba.

Ta ce, "Su ɗai na samu hita da su, ɗiyata. In sun girma za ni saida su in sai 'yar akuya. Randa aka koma gida, kada in koma hannu rabbana."

Tun kafin ta rufe baki raina ya ɓaci. A lokacin ina da 'yan tsakin gidan gona guda hamsin, irin waɗanda inji ke ƙyanƙyashewa, kwanansu goma a hannuna, kuma na sha wuya a kansu ba kaɗan ba. Na kwashe kayan ɗakin ajiya, na toshe taga da buhu na bar 'yar kafa ta hayaƙi, na baza ƙaiƙayi a ƙasa, na kewaye da kwali. A tsakiya na ajiye kaskon garwashi na kife shi da tsohuwar tasa mai huji, don kada wani ya faɗa wuta. Waɗannan ba su san uwa ba, kaskon ne uwarsu. Da wuta ta yi sanyi za su ruga lungu su hau kan juna, na ƙasa su mutu. Ga gawayi ya yi wuya, don ba mai ƙarfin halin shiga daji. Wanda ya sayar min da su kuma ya ja min kunne: kada kazar Hausa ta kusance su, don takan yi yawo da ciwo ita tana ƙalau, ta share min ɗaki a kwana biyu.

Na faɗa wa Goggo haka, ba kuma da lallashi ba. Ni dai tun ina ƙarama ba a san ni da tauna magana ba. Ta ce to. Ta samo igiya ta ɗaure ƙafar kazar a jikin turmi, can ƙarshen tsakar gida.

Rana ta biyar Goggo ta tafi makarantar firamare inda mutanen ƙauyensu suka sauka, za ta yi wa wata barkar haihuwa. Na fito daga wanka na tarar da igiya a ƙasa, ƙofar ɗakin tsakina a buɗe. Na leƙa. Uwar gayya ta baje a gefen kaskona tana jin ɗumi, ta tone ƙaiƙayi ta watsa cikin ruwan shansu, 'ya'yanta tara sun cakuɗe da nawa suna ci a faranti ɗaya.

Ban san sadda na damƙo fikafikanta ba. Na tsince 'ya'yan ɗaya-ɗaya na watso su waje. Da mace tana yanka, da a nan take na gama da ita. To, mace ba ta yanka, dole in nemi namiji, namiji kuma zai yi tambaya. Tsakanin ƙofar ɗakin da zaure na shirya abin da za ni faɗa.

Maigidana na zaune a zaure yana gyaran rediyonsa. Na ce, "Malam, Goggo ta ce a yanka maka wannan. Wai ba ta iya zama gidan suruki ba ta yi godiyar masauki ba."

Ya ce, "Allah sarki, tsohuwa. Da ta bar abinta. To 'yan tsakin fa?"

Na ce, "Bar ni da su."

Ya wasa wuƙa, ya fuskanci gabas, ya yi bisimilla. Ni na riƙe ƙafafun. Ba za ni ɓoye ba, daɗi na ji. Na fige ta ina ƙananan waƙoƙi, na yi miya da daddawa da barkono har maƙwabta na jin ƙamshi.

Bayan la'asar Goggo ta dawo. Tun daga ƙofa ta ji kukan 'yan tsaki, suna ta kewaya turmi suna neman inda za su shige. Ta dubi igiya, ta dubi gashin wake-wake da ke tare a bakin murhu, ta tsaya da takalmi ɗaya a ƙafa. Daidai nan Malam ya shigo, ya rusuna.

Ya ce, "Goggo, mun ga abin arziki. An gode, Allah ya saka da alheri."

Ta juyo ta dube ni. Kalma ɗaya za ta faɗa asirina ya tonu a gaban mijina, na sani, ita ma ta sani. Na tsaya riƙe da ludayi ina kallonta ido cikin ido, ko ƙiftawa ban yi ba.

Ta ce, "Ba komi, Malam. Allah shi amfana."

Na zuba mata tuwo, na ɗora cinya guda a kai na kai gabanta. Ta ci tuwon gaya daga gefe, ba ta taɓa miyar ba. Maimakon in kama bakina, sai na yi dariya na ce, "Ci mana, Goggo. Ai sabo da kaza ba ya hana yanka ta."

Da rana ta faɗi, sanyi ya fara saukowa, ta zo ƙofar ɗakin tsakina da ƙwarya a hannu, taran suna ciki suna rawar ɗari.

Ta ce, "Ɗiyata, ki bari in aje su gehen kaskonki. Can lungu ma ya isa. Ba su cin naki."

Na ce, "Da na yanka uwar don ciwo, sai in shigo da 'ya'yan? Ba za ni iya ba."

Ta ce, "To ɗan garwashi, ko uku."

Na ce, "Gawayin ƙidayayye ne, Goggo. Ga toka can a murhu."

Ta kwashi tokar da sauran ɗuminta ta zuba a 'yar tukunya, ta naɗe da tsumma, ta sa a tsakiyar kwando, ta jera su kewaye, ta rufe da zanen da take lulluɓa da shi. Dabarar mutanen da ce, tana kuma aiki in sanyin na wasa ne. Na bana ba na wasa ba ne. Toka kan huce tun dare bai raba ba. Da asuba, ina ƙara wa nawa garwashi, na ga ta fito da biyu a tafin hannu, sun sandare, ta kai bayan gida.

Daga ranar ta koma sa su a jikinta. Ta ɗaura zane a ƙirji, ta zuba su tsakanin riga da fata, ta kwana zaune da bayanta a bango don kada barci ya sa ta danne su. Da hantsi takan fito da su rana, ta tauna gero ta tofa musu, ta zauna tana gyangyaɗi da sanda a hannu saboda shirwa. Tsohuwa mai wannan shekaru, wane ɗumi ya rage mata a jiki? Wata safiya ɗaya ya tafi, wata safiya biyu. Ta kama tari. Kullum sai ta wuce ta ƙofar ɗakin tsakina, zafi na fitowa ta ƙasan ƙyaure yana dukan ƙafarta, ba ta ƙara roƙona ba, ni kuma ban ƙara tanka mata ba. Malam ya tambaya sau ɗaya, na ce ai 'yan tsakin Hausa haka suke mutuwa da ɗari.

Nawa kuwa ko ɗaya bai yi atishawa ba. Ciwon da na sa aka yanka kazar dominsa bai taɓa zuwa ba, duk da sun sha ruwa ɗaya da kazar. Na lura da haka tun kwana na uku, na yi kamar ban lura ba, don in na yarda babu ciwo, dole in yarda da sauran.

Bayan mako guda nawa suka yi gashi, suka daina matsowa kusa da wuta. Ina so in ce tausayi ne ya kama ni, amma ƙarya ce. Kaskon ne ya rasa aiki. Da safe na cika shi da garwashi ja wur, na ɗauka da tsumma na nufi ɗakin Goggo, har ina shirya yadda za ni karɓi godiya.

Na same ta zaune a kan tabarma, ta kwance zanen ƙirjinta tana ninkewa. Kwandon na kife a gefe.

Na ce, "Goggo, ga wuta na kawo wa 'yan tsakinki."

Ta dubi kaskon, ta yi tari, ta ci gaba da ninkin zanenta.

Ta ce, "Maida shi, ɗiyata, kada gawayinki shi ƙone banza. Na ƙarshen ya tahi da asuba."