Sai-ya-bushe Ya Sauko Daga Tsani

Ƙarfe bakwai na safe yake isa gidan da zai yi wa fenti, amma ba ya buɗe galan. Yakan ja kujera ya zauna a tsakiyar ɗaki, ya dubi inda taga take da inda hasken ke sauka. Daga nan ya ɗauki ƙaramin buroshi ya shafa launi uku, kowanne faɗin littafi, a bangon da ke kallon taga da kuma wanda ke ba ta baya. Sai ya wanke buroshinsa ya yi sallama.

"To Malam, wanne za mu ɗauka?"

"Sai ya bushe."

Shekara talatin da takwas yana ba da wannan amsa, har ta cinye sunansa na yanka. A wannan watan kafaɗarsa ta dama ta ƙi ɗaga rolar fenti, ya ajiye aiki. Shi ya sa na ga ya dace a faɗi abin da ya yi tun yana ji da kunnensa.

Dokarsa ba ta da yawa. Launin da ke jikin katin zaɓen fenti ba shi ne na jikin bango ba, ɗanyen fenti kuma ba shi ne busasshe ba. A duba da safe, a duba da rana tsaka, a duba idan an kunna ƙwai, kwana uku. Masu gaggawa da dama sun sallame shi sun kira wani. Wani tela ya yi haka, ya zaɓi ruwan toka daga kati, da ya bushe sai shagon ya koma shuɗi, masu kawo ɗinki suka riƙa rantsuwa an canza musu yadi. Da ya dawo yana sosa ƙeya, abin da Sai-ya-bushe ya ce kawai shi ne, "Kawo kujera."

Aikin da aka fi tuna shi da shi na gidan wata dattijuwa ne da kowa ke ce wa Inna. Idonta ya yi rauni, komai hazo-hazo take gani. Sau biyu tana karo da ƙofar banɗaki, na biyun har da ɗinki a goshi. 'Yarta ta haɗa mata kaya a akwati, ta ce za ta koma da ita gidanta. Inna ta ce ɗakin da ta shekara arba'in a ciki ba za ta bar shi ba. Ɗanta ya roƙi a ba shi wata guda, in ta sake karo shi da kansa zai ɗauki akwatin.

Dabarar ɗan ita ce a mayar da komai fari fat, bango da ƙofa da rufi, don haske ya ishe ta. Ya nuna wa Sai-ya-bushe hoto a waya.

"Ɗakin ya yi kyau. Wa zai kwana a ciki, kai ko Inna?"

"Inna mana."

"To matsa gefe, Alhaji, ka tare mata bango."

Ya shafa fari, ya shafa ruwan madara, ya shafa kore mai duhu. Washegari da hantsi ya zaunar da ita a bakin gadonta, ya ce ta faɗi abin da ta gani.

"Wancan na farko kamar an dalle min tocila a ido. Na tsakiya bai dame ni ba. Wannan baƙin kuwa ina ganinsa sarai."

"Kore ne, Inna."

"Kai ka san wannan. Ni dai na gan shi."

Ɗan ya ce to a yi duk ɗakin da kore. Sai-ya-bushe ya ce in komai ya zama kore, ƙofar ta sake ɓata ke nan. Ba haske ne ya yi mata kaɗan ba, bambanci ne babu. Ya ƙara kwana biyu yana gwadawa, 'yar kuma kullum tana bugo waya tana tambaya ko mai fentin barci yake yi.

A ƙarshe bango ya zama ruwan madara marar sheƙi. Ƙofofi biyu da bakinsu suka zama kore mai duhu, haka gefen matakalar banɗaki. Ya zagaye makunnin wuta da koren layi mai kaurin yatsa biyu.

Ranar da warin fenti ya fita, 'yar ta zo da mota. Inna ta tashi daga gado ba ta dafa kowa ba, ta nufi ƙofar banɗaki, ta kama mariƙin a karon farko, ta ɗaga ƙafa daidai matakala. Da ta fito ta dubi 'yarta ta ce, "Akwatin nan ya tare min hanya. Mayar da kayana cikin kabad." Yau shekara shida, tana nan a ɗakinta.

Sai-ya-bushe, kai ne ka tambayi mai ɗaki, ba mai waya ba. Kai ne ka yarda a kira ka mai nawa da a ce ka shafa abin da za a yi nadama. Mun gode, Malam. Allah Ya ba kafaɗar nan lafiya.

Ga masu riƙe da buroshi a yau, da mu masu kiran su: a shafa kaɗan, a jira, a tambayi wanda zai buɗe ido a ɗakin kowace safiya.

Da na kai masa wannan rubutu na karanta masa, na tambaye shi ko ya yi. Ya karɓi takardar, ya juya ta wajen taga, ya daɗe yana dubawa.

"Bar min ita kwana uku," in ji shi.